Ƙullutun da ke Bayan Jikar Zubairu Wanzami

In ka sauka a tashar Zurmi ka ce wanzami kake nema, ba wanda zai tambaye ka wanne. Gindin darbejiyar da ke bayan masu faci za a nuna maka. Nan Zubairu yake zama tun hantsi, da tabarmarsa da zabirarsa da ɗan kwanon ruwa, da wata tsohuwar fata da yake wasa aska a kanta, wadda ta yi baƙi ƙirin don shekaru. Siriri ne mai dogayen yatsu, kuma yana da wata doka da babu adalci a cikinta ko kaɗan: in askarsa tana kanka ba ka da izinin magana, shi kuwa sai ya ba ka labarin duniya kaf. Wanda ya motsa ya sha ranƙwashi, ko da mai unguwa ne.

A Gurbin Bore aka haife shi, gidan wanzamai. Ubansa wanzami ne, kakansa ma haka. Yana ɗan shekara tara aka ba shi aska da duma, aka ce ya kankare bayan duman ba tare da ya ji masa ciwo ba. Duma goma sha ɗaya ya ɓata kafin a bar shi ya taɓa kan mutum. Daga nan ya bi uban nasa kasuwa-kasuwa, Alhamis a Shinkafi suna yi wa fatake ƙaho, lokacin sanyi suna kaciya gida-gida, ranar suna su aske jariri su cire beli. Uban ba mai yawan magana ba ne. Abu ɗaya ya nanata masa har ya gaji da ji, cewa aikin wanzami a fata yake, in ya ga abu ya wuce fata ya naɗe zabirarsa ya ce bai iya ba. Zubairu ya ji, amma irin jin da saurayi ke yi wa maganar tsoho.

Shekara takwas ke nan da ya kwaso iyalinsa ya dawo cikin Zurmi, lokacin da kwana a ƙauye ya gagara saboda 'yan bindiga. Samari sun koma shagunan aski na inji, su fito da kai kamar gonar da aka nome rabi. Shi dai ko a jikinsa. Dattawa nasa ne, kuma ba a raɗa suna a unguwarsu ba a aiko masa da goro ba. Yana alfahari da hannunsa, kuma gaskiya ya cancanta. Sai dai akwai aiki ɗaya da bai taɓa sa shi cikin labaran gindin darbejiya ba.

Aikin na gidan Indo ne. Indo taubashiyarsa ce, ɗiyar gwaggonsa, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba a yi tsiya ba. Ita ta ce masa bawanta mai dakusasshiyar aska, shi ya ce mata Indo bakin reza. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce, tana aure a Birnin Tsaba, ta haifi ɗanta na fari, Auwal, da wani ƙullutu a ƙasan bayansa, daidai ƙugu. Bai kai ƙwan agwagwa ba, mai laushi, fatar kansa siririya tana sheƙi. Tsoro ya kama yarinya. Ta roƙi tsohuwar da ke yi mata wankan jego ta rufa mata asiri, ranar suna ta naɗe yaron da zane aka miƙa kai kawai aka aske, ta ci gaba da ɓoyo har aka yi arba'in. Da abin ya ƙara girma ɓoyo ya ƙare, aka aika wa Zubairu.

Lokacin yana da shekara talatin da ɗaya, ya fasa maruru ya fi ɗari, yana ganin babu kumburin da zai gagare shi. Ya sa aska. Ba mugunya, ba jini, sai wani ruwa garai-garai ya biyo yatsunsa, yana ta zuwa ba ya tsayawa. Ya sa magani ya ɗaure da tsumma. Kwana uku zazzaɓi ya rufe yaron, wuyansa ya sandare, a na biyar aka kai shi makwancinsa. Wurin gaisuwa Indo ta kama bakin rigarsa ta ce, "Zubairu, mi ya faru?" Shi kuwa bakinsa ya riga hankalinsa. Ya ce, "An makara na. Da ran suna anka yi, da ya tashi." Ya faɗa ne don dole a ce wani abu, kuma da shekaru suka yi ta tafiya shi kansa ya kusa yarda da maganar.

To, bara waccan zumunci ya ƙara ƙulluwa. Ɗan Indo na biyu, Jamilu, direba mai jigila tsakanin Kaura Namoda da Zurmi, ya auri Saliha, autar Zubairu. Da ciki ya tsufa Saliha ta dawo gidan iyayenta haihuwar fari, kamar yadda aka saba. Wata Asabar da hantsi ta sauka, mace. Ana cikin guɗa sai guɗar ta yanke. Rekiya, matar Zubairu, ta leƙo zaure ta ce, "Malam, taho ka gani," da wata irin murya da ta sa ya tashi bai nemi takalmi ba.

An kifa jaririyar a kan cinyar ungozoma. Ƙullutun yana nan a ƙasan baya, wuri ɗaya da na Auwal, girma ɗaya, sheƙi ɗaya. Innalillahi! Zubairu ya durƙusa ya sosa tafin ƙafarta na dama da farce, ta janye da sauri. Ya sosa na hagu, sai da ya sake sosawa kafin yatsun suka ɗan motsa. Saliha tana kwance tana kallon fuskarsa, ba ta kallon ɗiyar. Ta ce, "Baba, mi na na?" Ya ce, "Ba komi. A dai bar kwantar da ita rigingine." Ya fita da sauri kafin ta ƙara wata tambayar.

Kwanakin nan Zubairu bai san ɗanɗanon tuwo ba. Ya yanki mutum biyu a kunne, shi da ake shekara ba a ga ɗigon jini a tabarmarsa ba. Yakan bar mutum da kumfa a kai ya ruga gida ya duba ko abin ya tsage, ya dawo yana haki. Tsoronsa biyu ne, kuma kowanne ya ishi mutum. In an bar abin, bai san me zai zama ba. In an taɓa, ya san abin da ya gani da idonsa. Ga ranar suna tana matsowa, kuma kowa a gidan ya ɗauka magana a ƙare take: ga wanzami a gida, me ake jira?

Ranar Alhamis Indo ta iso daga Kaura, inda take zaune yanzu, da kayan barka, kaji da gero da turamen atamfa. Ta buɗe zanen ta duba, ta daɗe tana dubawa. Zubairu ya zaci kuka za ta yi. Ina! Sai ta rufe ta ce, "Alhamdu lillahi da munka gani da wuri. Wagga ba a makara ba." Ta juyo gare shi har da ɗan murmushi. "Kai bawana, ka wasa dakusasshiyar askar nan taka. Jibi da sahe, kana gama aski ka cire shi. Ba ni sake sakarcin da na yi." Bai rama tsiyar ba, karo na farko a rayuwarsu, ita kuwa ba ta ma lura ba.

Juma'a da safe Malam Muhtari ya zo aski kamar kullum. Malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, mutum mai sanƙo wanda duk da haka ba ya fashin aski, har Zubairu kan ce yawo kawai aska ke zuwa yi a kansa. Zubairu ya jiƙa kan ya fara, amma shiru kake ji. Malamin ya jure har aka kai ƙeya, sannan ya karya doka.

"Baba Wanzam, yau ba labari? Ko rasuwa aka yi?"

"Tambaya gare ni, Malam. Wani mutum na anka yi wa haihuwa, ɗiyar ta zo da ƙullutu nan." Ya sauke yatsa daga ƙeyar malamin, ya bi ƙashin baya ta kan riga har ƙugu. "Mai ruwa ciki. Ku da kunka karanci cikin mutum, mi ka kawo shi?"

Malam Muhtari ya juyo gaba ɗaya, bai damu da askar ba. "An taɓa shi?"

"Ba a taɓa ba tukuna."

"To kada a taɓa. Ni ba likita ba ne, amma wannan duk shekara ina koyar da shi. Miƙo min fatar nan taka."

Ya karɓi fatar wasa aska ya shimfiɗa ta a tafin hannunsa. Ya ce a mako na uku da shigar ciki, tun mace ba ta tabbatar tana da shi ba, ɗan tayi bai wuce ƙwayar gero ba, kuma a shimfiɗe yake kamar fatar nan, hawa uku. Hawan sama shi ne zai zama fatar jiki. Ƙananan ƙwayoyin halitta ne suka haɗu suka yi shi, kowacce tana ɗauke da umarni iri ɗaya da ta samo daga uwa da uba, wanda ake kira ƙwayoyin gado. Umarnin duka yana cikin kowacce, amma ba duka take karantawa ba, sai shafin da aka buɗe mata.

Zubairu ya ce, "Wa ka buɗe mata?"

"Maƙwabtanta." Malamin ya ja yatsa a tsakiyar fatar daga sama zuwa ƙasa. Ya ce a ƙarƙashin wannan layin akwai wani siririn abu mai kama da sanda, wanda ke aiko da sinadari sama. Ƙwayoyin da ke gefe saƙon ba ya kai musu, sai su bi hanyar zama fata. Na tsakiya kuwa saƙon yana toshe musu wannan hanyar, wani shafin ya buɗe, sai su miƙe su yi tsawo su fara zama jijiya, irin mai kai saƙo, ba irin ta jini ba. Daga su ƙwaƙwalwa za ta fito, da laka, wato igiyar da ke cikin ƙashin baya, da duk abin da ke sa ka janye ƙafa in ƙaya ta soke ka.

"Tsaya, Malam. Kana nuhin fata da laka wuri guda sunka hito?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya. Da farko laka a waje take, a shimfiɗe a gadon baya, sannan ta shige ciki." Ya naɗo gefen fatar biyu suka haɗu a sama ta zama bututu, ya bi da yatsu yana matsewa daga tsakiya zuwa sama, sannan daga tsakiya zuwa ƙasa. Ya ce haka take rufewa, wajen cikar wata ɗaya an gama, fata ta rufe a kai, daga baya ƙashi ya kewaye. Da ya zo ƙarshen fatar ta ƙasa sai ya bar ta a buɗe, ya ɗaga wa Zubairu ya gani. "In nan bai haɗe ba, ƙashi ba ya rufewa, abin da ya kamata ya zauna ciki sai ya turo waje. Ba maruru ba ne, Baba. Jakar laka ce, wani lokaci har da jijiyoyin ƙafa a ciki."

"Ruwan hwa?"

"Shi ne ruwan da ƙwaƙwalwa ke kwance a cikinsa, hanyarsu ɗaya. In aka huda, an buɗe wa cuta ƙofa har cikin kai. Sai zazzaɓi, sai wuya ya sandare kamar na mai sanƙarau, kwana kaɗan..." Bai ƙarasa ba, don ya ga tsohon ya ajiye askar.

Zubairu ya zauna daɓas a kan tabarma. Shekara ashirin da bakwai yana ce wa kansa wa'adi ne, kuma wa'adin ne, amma yanzu ya san hannun wa ya biyo. Can ya ce, "Ka ce gado. Ke nan daga gidanmu abin yake? Jikata ta, Malam, ba ɗiyar wani mutum ba. Kuma an taɓa yin irinshi cikin dangi."

Malam Muhtari ya ce gadon da yake nufi ba irin gadon aska ba ne da uba ke miƙa wa ɗa a hannu. In an taɓa yi a dangi yakan fi saurin sake faruwa, wannan gaskiya ne. Amma akwai ƙarancin wani sinadarin abinci a jikin uwa a makonnin farko, wanda ake ba mata ƙwayarsa a wurin awo, akwai kuma abin da har yau masana ba su gano ba. Ba laifin gidan kowa ba ne. Abin da ke gabansu shi ne a rufe wurin da ƙyalle mai tsabta, a kwantar da ita rub da ciki, a kai ta babban asibiti inda masu aikin laka suke, yau in da hali. Ya tashi da rabin ƙeya ba a aske ba, ya kifa hula, ya ce a haka zai je masallaci, shi kuma Zubairu ya yi maza ya tafi gida.

Yau ɗin ce babu hali. Jamilu bai iso da ragon suna ba sai bayan an sauko daga Juma'a, kuma hanyar Kaura ba mai hankalin da ke bin ta da mai jego in rana ta karkata. Zubairu ya tara Indo da Jamilu a zaure ya ce asibiti za a kai ɗiyar. Ya kwatanta abin da malamin ya faɗa gwargwadon iyawarsa, har da naɗe bakin rigarsa yana nuna musu. Indo ta saurara da irin haƙurin da ake yi wa mai shirme.

"Malamin makaranta? Shi ya binne ɗa ko ni? Asibiti su ce dawo gobe, dawo jibi, har a makara. A cire tukuna, in ya so a tahi asibitin."

"Hannuna ba shi da lahiya, Indo. Rawa shike yi."

"To ka hwaɗi haka mana, tsoho! Yari na nan Badarawa, hannunshi lahiya lau." Ta juya ga ɗanta. "Kira min shi." Jamilu ya dubi surukinsa, ya dubi uwarsa, ya zaro waya. Yaron kirki ne, amma bai taɓa ce wa uwarsa a'a ba, kuma ba ranar zai fara ba.

Yari dattijon wanzami ne, ya girmi Zubairu, tare suka yi zaman kasuwar Shinkafi. Hannunsa sauri gare shi, ba ya tambaya sau biyu. A wurin wanzamai kuwa babu abin kunya irin ka tsaya a kan aikin ɗan'uwanka ka ce kada ya yi. Wanda ya yi haka ya zubar da mutuncinsa da na gidansu. Ga shi ɗiya ta gidan Jamilu ce, ba ta gidan Zubairu ba. Ya duba ta nan ya duba ta can, hanya ɗaya ce ta rage da za ta tsayar da Indo, kuma ita ce ya fi tsoro a duniya. Da la'asar Saliha ta kira shi ɗaki, ta yi ƙasa da murya don kada surukarta ta ji. "Baba, in kai ba ka yi, don mi za ka bari wani shi yi?" Ya tsaya yana kallon jaririyar tana barci a kife, sannan ya fita.

Asabar bayan sallar asuba aka raɗa suna Khadija, aka yanka rago, aka raba goro da dabino. Zubairu yana karɓar barka yana kallon hanya, yana fatan babur ɗin Yari ya yi faci. Bai yi ba. Rana na ɗagowa sai ga shi, zabira a kafaɗa, yana ba da haƙurin shiga aikin da ba nasa ba. "Gahwara dai, Zubairu, an ce hannu ba lahiya. Allah shi sawwaƙe." Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, mata suka kewaye, Indo ta zauna ta karɓi jaririyar. Yari ya aske kan tas cikin ɗan lokaci, aikin gwani, ba inda za ka kushe. Ya goge askar ya ajiye, ya zaro wata ƙarama mai tsini, ya ce, "To, a juya min ita."

Indo ta juya ta, ta kwance zanen.

Zubairu ya ce, "Yari, mai da askarka."

Yari ya ɗago yana dubansa kamar bai ji daidai ba. Indo ta ce, "Kai bawana, in ba ka iya kallo, hita waje."

"Indo, ba makara ta kashe Auwal ba." Zubairu ya matso gabanta ya sake faɗa. "Ba makara ba ta. Ko ran da anka haihe shi na cire, haka za a yi. Abin ba na cirewa ba na. Ruwan da kinka ga ya zubo, ruwan ƙwaƙwalwarshi na. Ni na buɗe. Askata ta."

"Kai ka ce min an makara."

"Ni na ce."

"Da bakinka. Ina riƙe da rigarka."

"Ban san mi zan ce ba. Ban san ko mi na na ba sa'annan, wallahi sai jiya na sani. Amma na san ruwan nan ba na maruru ba na, tun yana bisa hannuna na sani, kuma na yi shiru."

Yari ya sunkuya ya dubi ƙullutun da kyau, ya dubi Zubairu, ya mayar da ƙaramar askar cikin zabira ya ɗaure bakinta. Wata daga cikin matan ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Indo ba ta yi ihu ba, da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta mayar da zanen ta rufe bayan jaririyar a hankali, tana gyara shi kada ya danne wurin. Ba ta ɗago ba ta ce, "Shekara ashirin da bakwai, Zubairu. Ban taɓa kai goshina ƙasa ban roƙi gahwarar ɓoyon da na yi ba. Na ɗauka ni na kashe shi. Har ubanshi ya bar duniya ban iya duban idonshi in an ambaci yaron. Kana zuwa gidana kana cin tuwona muna dariya, kana ganina da abin ga, ka bar ni da shi."



Ta miƙe da jaririyar a kife a kan hannuwanta. "Jamilu, ta da mota. Saliha, ɗauko mayahinki." Naman suna yana kan wuta, baƙi suna ta shigowa da sallama, ba wanda ta kalla. Zubairu ya bi su har ƙofar gida, ya kama murfin motar zai shiga gaba. Ta ce, "Malam Zubairu, koma wurin baƙinka." Ya saki murfin, motar ta tashi.

Daga Kaura aka tura su Gusau, daga Gusau aka ce sai Sakkwato. Kwana huɗu Zubairu yana zaune a gindin darbejiya da waya a cinya, in ta yi ƙara gabansa ya faɗi, in ta yi shiru ya fi faɗuwa. Labarin abin da ya faɗa ya riga ya zaga gari, kuma wasu dattawan da suka shekara takwas a tabarmarsa sun fara bi ta ɗaya gefen titi. Ran Laraba da hantsi, yana tsakiyar aske wani mai kayan miya, Jamilu ya kira. An yi aiki jiya, an rufe wurin, ta farka ta kama nono. Likitoci sun ce ƙafar dama lafiya, ta hagu sai an ga yadda za ta yi, kuma za a riƙa auna kanta kada ruwa ya taru. Sun ce da an huda, da yanzu wata maganar ake yi.

Zubairu ya yi hamdala har sau uku, hawaye yana bin gemunsa, bai damu da wa ke kallo ba. Sannan ya ce, "Innarka na kusa? Ba ta in yi mata barka."

Ya ji Jamilu ya kawar da wayar daga bakinsa, ya ji ƙarar fanka da kukan wani jariri, sannan muryar Indo, kusa ƙwarai, a natse.

"Ce mai ba ni nan."

Jamilu ya dawo kan waya ya fara kame-kame. Zubairu ya ce ba komi, ya ji, a gaishe ta in ta dawo.